Haɗa Tankunan Matsi da Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu kula da injuna, masu aikin lantarki, masu walda da jami'an kiyaye haɗari a masana'antu. Alƙaluman da ke ciki an ɗauko su ne daga ƙa'idojin da aka fi aiki da su a duniya, amma dokar ƙasar da masana'anta take da zanen injiniyan da ya tsara wurin su ne ke da magana ta ƙarshe.

Wane irin tanki ake nufi, kuma mene ne haɗa shi da ƙasa?

Tankin matsi shi ne duk wani rufaffen mazubi da aka ƙera don ya riƙe iska, gas, tururi ko ruwa a matsin da ya bambanta da na iskar waje: tankin iskar kwamfiresa, tankin iskar gas, tukunyar tururi, tukunyar haɗa sinadarai, dogayen hasumiyoyin matatar mai. Haɗa shi da ƙasa kuwa shi ne a ja waya mai kauri daga jikinsa zuwa ƙarafan da aka binne a cikin ƙasa, don duk wata wutar lantarki da ta hau kansa ta samu hanyar wucewa, ba sai ta bi ta jikin mutum ko ta yi tsalle a matsayin tartsatsi ba.

Tanki ai ba na'urar lantarki ba ne. Ta ina wuta za ta hau kansa?

Ta hanyoyi uku, kuma kowace da halinta. Ta farko ita ce wutar da ta ɓalle daga kayan da ke manne da tankin: hita, injin da ke juya abin motsawa, fitila, na'urar auna zafi ko matsi. Idan rufin waya ya goge, jikin tankin gaba ɗaya ya ɗauki wuta, duk wanda ya dafa shi ya zama hanya. Ta biyu tsawa, wadda matsakaiciyarta ke kaiwa kusan amfiya 30,000, babba kuma ta kai 200,000, duk a cikin ƙiftawar ido.

Ta uku ita ce aka fi rainawa: kwantaccen caji, wanda ke taruwa idan ruwa ya gudana a bututu, ko gari ya zuba, ko jiƙaƙƙen tururi ya fita da ƙarfi. Ba ya kashe mutum da kansa. Aikinsa kunna wuta. Iskar furofen da ta gauraya da iska tana kamawa da tartsatsin da ƙarfinsa bai wuce milijul 0.25 ba (milijul ma'aunin ƙarfin tartsatsi ne), haidirojin kuma da kusan 0.02. Ƙarfe mai girman tankar mai, idan tayoyi sun raba shi da ƙasa ya tara bolt 10,000, yana iya sakin kusan milijul 50, wato ninki ɗari biyu na abin da furofen ke bukata. Yawancin ruɗanin da ake samu a wannan fanni daga haɗa waɗannan ukun wuri ɗaya yake tasowa, ana neman amsa guda ga matsaloli uku.

Tankinmu ƙarfe ne, yana zaune a kan kankare, an ɗaure shi da noti. Wannan bai isa ba?

Wataƙila ya isa ga kwantaccen caji, amma ba abin dogaro ba ne. Kankare mai danshi yana ɗan wucar da lantarki, har ma akwai tsarin da ake amfani da rodin cikin fandisho a matsayin turken ƙasa, wanda Herbert Ufer ya gwada a busasshiyar ƙasar Arizona lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai a can da gangan ake haɗa rodin da waya. Notin da ke riƙe ƙafar tanki sau da yawa ba ya taɓa rodin ko kaɗan, wani ma a cikin gam aka dasa shi.

Ka duba ƙarƙashin tankin da kyau. Tankin kwance yakan zauna a kan sirdi biyu, ɗaya a ɗaure, ɗayan yana zamewa a kan faifan teflon don ƙarfe ya samu wurin miƙewa idan ya yi zafi. Wani tankin a kan robar hana girgiza yake, wani a kan na'urar auna nauyi. Ga kuma fenti mai kauri tsakanin ƙafa da faranti. Kowane ɗayan waɗannan yana iya yanke hanyar, ido kuma ba zai gani ba.

Mene ne bambancin haɗawa da ƙasa da haɗa ƙarfe da ƙarfe?

Tartsatsi yana tashi ne tsakanin abubuwa biyu da cajinsu bai daidaita ba. Idan ka ɗaure tanki da bututu da famfo da matakala da waya ɗaya, ka daidaita su, babu abin da zai yi tsalle a tsakaninsu. Haɗawa da ƙasa kuma tana daidaita su duka da doron da ma'aikaci ke tsaye a kai. Ana bukatar biyun, amma a wurin da ake aiki da abu mai kama wuta, haɗa ƙarfe da ƙarfe ya fi yawan ceton rai. Haɗarin yakan fito ne daga ɗan ƙaramin ƙarfe guda da aka manta, kamar yadda za a gani a tambayar da ta shafi cikin tanki.

Om nawa ya kamata awo ya nuna?

Ya danganta da wanne daga cikin haɗurran uku ake magana. Ga kwantaccen caji, ƙa'idojin NFPA 77 ta Amurka da IEC 60079-32-1 ta ƙasa da ƙasa sun yarda cewa idan turjiya, wato yadda hanya ke hana wuta wucewa, wadda ake aunawa da om, ba ta wuce om miliyan ɗaya ba, to ta isa. Adadin yana ba mutane mamaki, amma lissafin mai sauƙi ne: wutar da ke tara cajin ƙanƙanuwa ce, ko da ta kai maikro'amfiya 100, a kan om miliyan ɗaya bolt 100 kawai za ta bayar. Duk da haka waɗannan ƙa'idojin sun ce idan hanyar duk ƙarfe ce, a nemi om 10 ko ƙasa da haka. Ba don caji na bukatar hakan ba, sai don ƙarfe da ƙarfe idan sun haɗu da kyau ba sa nuna fiye da haka. Ka ga om 300 tsakanin tanki da wayarsa, to akwai noti da ya saki ko tsatsa da ta shiga, kuma abin da ya kai 300 yau zai iya yankewa gaba ɗaya nan gaba.

Ga tsawa, ƙa'idar kariya daga tsawa ta IEC 62305 ta ba da shawarar turjiyar turakun ƙasa ta kasance ƙasa da om 10, ko da yake siffar hanyar ta fi adadin muhimmanci. Om 25 da ake yawan ambata daga dokar lantarki ta Amurka ya fito, kuma abin da ta ce shi ne: turke guda da bai sauko zuwa 25 ba, a ƙara masa na biyu. Ba ma'aunin lafiyar tankin gas ba ne. Masana'antu da yawa suna sa wa kansu om 5, wasu ma om 1, a takardun aikinsu. Ga wutar da ta ɓalle daga na'ura kuwa, turjiyar ƙasa ba ita ce abin dubawa ba. Amsa ta gaba ta yi bayani.

Idan na kafa turke ɗaya mai kyau a gefen tankin, ban gama ba?

Ba ka gama ba, kuma wannan kuskure yana da haɗari domin yana kama da aiki mai kyau. A ce wayar hita mai bolt 230 ta taɓa jikin tanki, hanyar komawarta kuma turke ne mai om 25. Wutar da za ta gudana ba ta kai amfiya 10 ba. Bireka (na'urar da ke katse wuta idan ta yi yawa) mai amfiya 32 ba za ta motsa ba, tankin zai zauna da wuta a jikinsa har sai wani ya taɓa. Abin da ke sa bireka ta faɗi da sauri shi ne wayar kariya da ke tafiya tare da kebul ɗin na'urar har ta koma allon rarraba wuta, hanya ta ƙarfe zalla wadda za ta ja ɗaruruwan amfiya. A tsarin da ya dogara da ƙasa wajen komawar wuta, dole a sa na'urar gano yoyon wuta.

Saboda haka turken tanki ba ya zama shi kaɗai. Ana haɗa shi da ragar ƙasa ta masana'antar baki ɗaya, wato wayoyi da turakun da aka binne aka haɗa su da juna. Turke mai zaman kansa yana ma jawo matsala lokacin tsawa, domin tankin zai hau dubban bolt yayin da ginin da ke gefensa bai hau ba, bambancin kuma ya bi ta wayoyin na'urorin awo ya ƙona su.

A ina ake ɗaure wayar? Tankinmu ya zo babu kunne, za mu iya yi masa walda?

Ana ɗaure ta a kunnen ƙarfe da maƙerin tankin ya liƙa tun a masana'antarsa, a kan siket (zoben ƙarfen da tankin tsaye ke zaune a kai), ƙafa ko sirdi, ba a kan bangon da ke riƙe matsi ba. An fi son kunnen ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, don a bar fuskarsa babu fenti.

Idan babu kunne, kada a kusanci bangon tankin da sandar walda. Tankin da aka ƙera bisa kashi na VIII na ƙa'idar ASME ta Amurka, ko EN 13445 ta Turai, an gwada shi da ruwa, wani an gasa shi bayan walda don a sassauta ƙarfen. Sabuwar walda a bangon, komai ƙanƙantarta, tana taurara wurin, tana iya zama mafarin tsaga, musamman a tankin amoniya ko mai ɗauke da gas mai sulfa. A ƙa'ida gyara ne da ke bukatar kamfani mai izini da sa hannun sufeto. Huda bango kuwa ba ma abin tattaunawa ba ne. Mafita ita ce a nemi wuri a ƙasan ƙafa ko siket, nesa da inda suka haɗu da bango, a huda ko a liƙa kunne a can bayan an samu amincewar injiniya. Kafin nan a auna a tabbatar ƙafar da kanta tana haɗe da tankin, domin akwai tankunan da ke zaune a sirdi kawai ba walda.

Waya nawa, kuma mai wane kauri?

Al'adar aiki ita ce biyu, a ɓangarori masu fuskantar juna, kowace ta tafi wuri daban a ragar ƙasa. Idan ɗaya ta yanke akwai ɗaya, wutar tsawa ta rabu biyu, kuma ana iya kwance ɗaya a auna ba tare da an bar tankin tsirara ba. Siririyar waya ta isa ga kwantaccen caji, amma ba za ta jure takun takalmi da bakin shebur ba. Ga tsawa IEC 62305 na neman jan ƙarfe mai faɗin murabba'in milimita 50 a wayar saukarwa, shi ya sa ake yawan ganin 70 a manyan tankuna. A ƙarƙashin ƙasa a yi haɗi da waldar narkakken jan ƙarfe ko matsi na dindindin, noti kuma a bar shi a sarari inda za a iya dubawa.

Dole ne a sa sandar tsawa a saman tanki?

Yawanci a'a. Bangon tankin matsi yana da kauri sosai. NFPA 780 tana ɗaukar ƙarfe mai kaurin milimita 4.8 a matsayin mai iya karɓar tsawa da kansa, IEC 62305 kuma ta sa milimita 4 ga baƙin ƙarfe don kada ya huje. Tankin da ke rufe ruf, cike da gas babu iska a ciki, tsawa ba ta da abin kunnawa a cikinsa. Inda ake jin tsoro shi ne bakin bawul ɗin sakin matsi, wurin da ke yoyo, da na'urorin da ke tsaye a samansa.

Abin lura shi ne hanyar wayar. Wutar tsawa kamar motar kaya ce da ta taho a guje, ba ta shan kwana mai kaifi. Idan aka tilasta mata sai ta yi tsalle zuwa ƙarfen da ke kusa. A ja wayar gajeruwa, miƙaƙƙiya, kada a naɗe rarar da ta saura kamar zobe don kyan gani.

An haɗa tankin da ƙasa yadda ya kamata. Yanzu babu sauran tartsatsi a cikinsa?

Akwai. Wayar ƙasa tana kwashe cajin da ke jikin ƙarfe, ba ta kai hannu cikin ruwan. Fetur, kananzir, toluwin, heksen da makamantansu ba sa wucar da lantarki sosai. Duk wanda ke ƙasa da fikosimens 50 a mita (ma'aunin yadda ruwa ke wucar da lantarki) ana lissafa shi cikin masu tara caji. Cajin da suka ɗauko daga bututu da famfo, musamman daga matattara mai ƙananan ramuka, yana zama a tsakiyarsu na ɗan lokaci, ya taru a fuskar ruwan, ya nemi ƙarfe mafi kusa.

A shekarar 2007 tankin ajiyar sinadarin nafta ya fashe a kamfanin Barton Solvents da ke Valley Center a jihar Kansas ta Amurka, yayin da ake cika shi daga tanka. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta ƙasar ta gano cewa mai yiwuwa tartsatsin ya tashi ne daga mahaɗin ƙarfen da ke yawo a saman ruwa don nuna matakinsa. Mahaɗin sako-sako ne, idan ruwan ya yi tambal-tambal sai ya rabu na ɗan lokaci, abin da ke yawon ya zama ƙarfe maras haɗi da komai. Ba tankin matsi ba ne, amma tukunyar haɗa sinadarai da ake cikawa kafin a rufe ta tana cikin irin wannan hali.

Maganin yana wajen yadda ake aiki. A cika daga ƙasa ko ta bututun da ya nutse, kada ruwa ya faɗo daga sama yana fantsama. A fara a hankali, kada gudun ya wuce mita ɗaya a daƙiƙa har sai bakin bututun ya nutse. A bar wa ruwan aƙalla daƙiƙa 30 tsakanin matattara da tanki. A dakata kafin a zura sandar awo ko gwangwanin ɗibar samfur. Mafi ƙarfin kariya shi ne a kore iskar ciki da naitirojin, domin tartsatsi ba ya yin komai inda babu iskar da wuta za ta ci. Tukunyar da aka shafe cikinta da gilashi ko teflon ta fi wuya, tunda rufin ya raba ruwan da ƙarfe, cajin ma yana iya huda rufin da kansa.

Kowane haɗin bututu sai an tsallaka shi da waya?

Ba kowanne ba. Gaskat ɗin da ake sawa tsakanin filanji biyu, wato faifan bakin bututu da ake haɗawa da noti, ba ya wucar da lantarki, amma notocin da ke matse su sukan wucar. A auna: idan ya nuna ƙasa da om 10, ya yi. Inda ake bukatar wayar tsallake shi ne wurin da aka yi fenti mai kauri har ƙarƙashin noti, ko aka yi amfani da noti mai rufin roba, ko akwai tiyo, gilashin leƙe, ko haɗi mai juyawa. Hattara da filanjin da aka raba da gangan. Duba tambayar tankin da aka binne kafin ka tsallaka shi.

Yaya batun tankar da ke kawo kaya?

A maƙala mata wayar tun kafin a buɗe komai ko a haɗa tiyo, a cire ta a ƙarshe bayan an rufe komai. Maƙalin ya zama mai haƙora da za su huda fenti, a kama shi a wurin da aka tanada a jikin tankar, ba a kan marfin taya ko ƙarfen da aka ɗaura da roba ba. Wuraren lodi masu kyau suna da na'urar da ke hana famfo tashi sai ta tabbatar da haɗin.

Tankin gas ɗinmu a binne yake, yana da kariyar tsatsa ta lantarki. Mu haɗa shi da ragar jan ƙarfe?

Kada a haɗa kai tsaye. Kariyar tana aiki ne ta riƙe tankin a wani mataki, yawanci milibolt 850 a ɓangaren ragi idan aka auna da ma'aunin jan ƙarfe da sulfet ɗinsa. Da zarar ka haɗa shi da ragar jan ƙarfe, wutar kariyar ta tsiyaye can, ƙarafan magniziyam da aka binne don su ci tsatsa a madadin tankin su ƙare da wuri, daga nan tankin da kansa ya fara cin tsatsa don ya kare jan ƙarfen. Shi ya sa ake raba bututunsa da filanji mai rufi.

Ana warware wannan da na'urar da ke tare ƙaramar wutar kariya amma ta buɗe wa wutar ɓallewa da ta tsawa hanya, ko da turakun tutiya maimakon jan ƙarfe. Filanjin rabuwar kuma a tsallaka shi da na'urar kame tartsatsi da aka amince da ita a wurin gas, ba da waya ba.

Yaya ake awon, kuma sau nawa?

Awo biyu ne daban. Na farko na haɗi, daga jikin tanki zuwa ragar ƙasa, da na'urar da ke tura aƙalla miliamfiya 200; ƙaramar na'urar aljihu tana iya yaudara. A ɗora ƙafar awon a kan ƙarfe tsirara na tankin kansa, ba a kan kunnen wayar ba, domin tsakanin kunne da tanki ne matsalar ke ɓuya. Na biyu na turjiyar ƙasa: a kafa turken gwaji nesa, a kafa na biyu a kashi 62 cikin ɗari na nisan, a karanta, sannan a matsa da shi gaba kaɗan da baya kaɗan. Idan adadin yana sauyawa sosai, turken farko bai yi nisa ba. Na'urar da ake maƙalawa a waya tana da sauƙi, amma a tanki mai wayoyi biyu takan auna zoben ƙarfen ne kawai ta nuna kyakkyawan adadin da ba shi da alaƙa da ƙasa.

Ga wuraren da ke da haɗarin fashewa, IEC 62305 ta ce a duba da ido duk wata shida, a yi awo duk shekara. Wasu suna jinkirta awon zuwa wata 14 ko 15 don ya riƙa faɗowa a yanayi daban-daban, dabara ce mai kyau, tunda awon lokacin ruwa kullum yana faranta rai. A ƙara awo bayan duk fenti, gyara ko haƙa a kusa. Kada a kwance waya ana hadari, kuma a wurin gas sai da takardar izinin aiki, domin na'urar awon ma tana iya tartsatsi.

Ƙasarmu busasshiya ce, turjiya ta ƙi sauka. Mu zuba gishiri?

Gishiri yana saukar da adadin ranar awo, sannan ruwa ya wanke shi, kafin nan ya ci turken, ya kuma isa ƙafar tanki da rodin fandisho. Zurfi ya fi. Ninka tsawon turke yana rage turjiya da kusan kashi 40 cikin ɗari, ninka kaurinsa kuwa da kusan kashi 10 kawai. Idan za a ƙara turaku, a ba su tazarar da ta kai tsawonsu ko fiye, in ba haka ba suna cin ƙasa ɗaya. A kan dutse, zoben waya da aka binne kewaye da tankin ya fi turke amfani, a cike ramin da yumɓun bentonait ko siminti mai wucar da lantarki.

Mai walda yana maƙala wayar komawarsa a kan wayar ƙasan tanki. Laifi ne?

Laifi ne babba, kuma ana yinsa kullum saboda wurin a tsirara yake, ga shi kusa. Wutar walda amfiya ɗari ce ko ɗari biyu, tana gudana na tsawon lokaci, kuma za ta bi duk hanyar da ta samu ta koma inji: siririyar wayar kariya ta na'urar awo, boris ɗin famfo, na'urar auna nauyi, wayar tsallaken filanji. Wasu su ƙone nan take, wasu su yi rauni a ɓoye, kuma duk inda haɗi ya saki a hanyar yana iya yin tartsatsi nesa da inda aka auna gas aka ba da izini. Wayar komawa a maƙala ta a kan ƙarfen da ake waldar, kusa da wurin aikin iya yiwuwa. Tankin da ke kan na'urar auna nauyi a tsallaka kowace na'ura da waya mai laushi tun ranar girkawa, kuma bayan an gama waldar a maimaita awon haɗi kafin a mayar da kaya cikin tankin.